Ƙauyen da ya kama bakinsa

Ranar Lahadi 13 ga Oktoba, 1991, da ƙarfe takwas da kwata na dare, mutanen wasu 'yan ƙauyuka a arewacin yankin Pfalz, kudu maso yammacin Jamus, suka zauna gaban talabijin don su ga garinsu. Kafin nan masu shirya fim sun zo musu da kyamarori da manyan fitilu, sun ɗauki gidajensu da garken shanunsu da lungunansu, har an sa wasunsu cikin taron jama'ar da ake ɗauka. Kafin goma saura kwata murna ta koma ciki. Abin da miliyoyin Jamusawa suka gani a daren nan shi ne wani ƙauye mai taɓo da duhu, mutanensa fuska a murtuke, ba sa ƙaunar baƙo, sun taru sun kashe mutum, sun kuma taru sun kama bakinsu.

Sunan fim ɗin Tod im Häcksler, wato mutuwa a cikin injin datsa. Häcksler shi ne injin da manoman can ke zuba wa ciyawa da karan masara, ya daddatsa su ƙanana don abincin shanu. Sunan kaɗai ya isa ya gaya wa mai kallo inda gawar ta shige. Shekara talatin da wani abu ke nan, amma har yau in ana maganar yadda talabijin ke nuna mutanen karkara a Jamus sai an ambace shi. A ganina fim ɗin ya gano wata gaskiya mai nauyi game da ƙasa da kuɗi da shiru, sannan ya ɗora ta a kan fuskar da ba daidai ba, kuma wannan kuskuren ba ƙarami ba ne.

Fim ɗin kashi ɗaya ne na Tatort, shirin 'yan sanda na talabijin, kuma sai an san mene ne Tatort kafin a gane dalilin da ya sa wasan kwaikwayo ya kai har zauren majalisa. Kalmar na nufin wurin da aka aikata laifi. Tashar ARD ta fara nuna shirin ranar 29 ga Nuwamba, 1970, kuma zuwa yanzu an wuce kashi 1,200. Kowane kashi minti casa'in ne, daren Lahadi, da an gama labaran ƙarfe takwas. Mabuɗinsa kusan bai sauya ba tun farko: idanun wani mutum, saitin bindiga ya kewaye ɗaya daga ciki, sai ƙafafu suna gudu a kan jiƙaƙƙen titi, ga kiɗan Klaus Doldinger yana tashi. Akwai gidajen da ba a amsa waya a wannan lokacin. Abin da ya bambanta shi da sauran shirye-shiryen 'yan sanda shi ne tsarinsa. ARD gamayyar tashoshin jihohi ce, kowace tasha tana da nata masu binciken a nata birnin, Munich da Cologne da Münster da sauransu, tashoshin Ostiriya da Suwizalan ma suna da nasu. Kuɗin kuma daga aljihun jama'a yake fitowa, domin kowane gida na biyan harajin kafofin watsa labarai, wanda tun 2021 ya kai Yuro 18.36 a wata. Saboda haka in Tatort ya zo yankinku, tashar jiharku ce, da kuɗinku, take gabatar da ku ga ƙasa baki ɗaya.

Mai binciken a wannan kashi ita ce Lena Odenthal ta birnin Ludwigshafen, wadda Ulrike Folkerts ke fitowa a matsayinta tun 1989, ta kuma fi kowa daɗewa a shirin. Wannan ne aikinta na uku. Nico Hofmann ya ba da umarni, shi da Stefan Dähnert suka rubuta labarin. Yara ne suka tsinci kayan sawar wani mutum a daji kusa da wani ƙauyen da aka ƙirƙira aka sa wa suna Zarten. Mai kayan, Petru Höreth, Bajamushe ne ɗan asalin Romaniya, ya ɓace shekara biyu da suka wuce, kuma ba wanda ya damu ya neme shi. Lena ta zo daga birni ita kaɗai, ba ta da mai taimako sai wani matashin ɗan sandan ƙauyen, Stefan Tries, wanda Ben Becker ya fito a matsayinsa. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa amsa ɗaya ce, ba mu gani ba, ba mu ji ba. A hankali zaren ya fara warwarewa. Ana shirin gina madatsar ruwa a kwarin, mutanen gari suna son sayar da gonakinsu su karɓi kuɗi, baƙon nan kuwa ya ƙi sayar da tasa.

A nan fim ɗin ya fi ƙarfi, kuma nan ne mai karatu daga wajenmu zai iya yin mamaki. Mu abin da muka sani game da madatsar ruwa shi ne manomi ya tsaya kai da fata a kan gonarsa, kamar yadda aka yi a Bakolori a 1980 har aka rasa rayuka. Ta yaya manoma za su yi ɗokin ruwa ya cinye gonakin kakanninsu, har su kashe wanda ya hana?

Amsar tana cikin halin da noma ya shiga a Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. A 1949 Jamus ta Yamma kaɗai tana da gonaki fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. A 2023 ƙasar gaba ɗaya, har da gabashinta, ba ta wuce kimanin 255,000 ba. Jamusawa suna da kalma guda don wannan, Höfesterben, mutuwar gonaki, suna kuma da wata magana da manoma suka daɗe suna ji daga bakin masu ba su shawara, wachsen oder weichen, ko ka faɗaɗa ko ka ba da wuri. Tarakta da injin girbi da ɗakin tatsar madara na zamani ba sa biyan kuɗinsu a kan 'yar ƙaramar gona. Tallafin Tarayyar Turai ya fi amfanar mai yawa. Daga 1984 zuwa 2015 an ƙayyade wa kowane mai shanu yawan madarar da zai sayar. Pfalz kuma tana da nata ciwon na daban: a arewacin Jamus al'adar ita ce ɗa guda ya gaji gona dungurungum, a kudu maso yamma kuwa ana raba ta tsakanin duk magada, yadda rabon gado ke yi wa gandu a wurinmu. Bayan ƙarni biyu ko uku sai ka tarar da mutum da 'yan tsirarun filaye a warwatse, wannan a gindin tudu, wancan a bayan daji, ba wanda zai riƙe iyali. Ƙasar arewaci da yammacin yankin tuddai ce, ba ta da albarkar gabashinsa inda ake noman inabi a gefen kogin Rhein. Masana'antar takalma ta Pirmasens, wadda ta ciyar da dubban gidaje, tana durƙushewa. Sojojin Amurka da suka samar wa mutane ayyuka sun fara raguwa bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, a shekarar da aka nuna fim ɗin ma aka rufe sansanin jiragensu na Zweibrücken.

To ka ɗauki dattijon da ya kai sittin, gwiwa ta gaji, banki na binsa bashin tarakta, ɗansa ya tafi aiki kamfanin sinadarai na BASF a Ludwigshafen ya ce ba zai dawo ya tatsi saniya ba. Gonar da ba ta da magaji ba ta da mai saye, domin maƙwabcinsa ma halin da yake ciki ke nan. Rana ɗaya sai ga masu madatsar ruwa da takardu. Wannan dattijo ba zai ga an zo ƙwace masa gado ba, zai ga an buɗe masa ƙofar da ya fid da rai da ita. Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar nan ya zama abokin gaban gari.

Wanda ya tsaya ɗin kuma baƙo ne, kuma irin baƙuncinsa yana da nasa tarihi. Tun ƙarni na goma sha biyu akwai masu jin Jamusanci a yankin Transilbaniya na Romaniya, wasu kuma suka zauna a Banat a ƙarni na goma sha takwas. A zamanin shugaban Romaniya Ceaușescu gwamnatin Jamus ta Yamma biyan kuɗi take yi a kan kowane mutum ɗaya kafin a bar shi ya fito. Da mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989 sai hanya ta buɗe, a 1990 kaɗai fiye da mutum 111,000 suka taho daga Romaniya, cikin kusan 400,000 da suka zo daga gabashin Turai a shekarar. A doka Jamusawa ne cikakku, ana ba su takardar zama ɗan ƙasa. A bakin maƙwabta kuwa 'yan Romaniya ne, alhali can inda suka baro Jamusawa ake ce musu. Mutumin da ya taso a ƙasar da gwamnati ta ƙwace gonaki ta mai da su na haɗaka, ya zo ya samu 'yar ƙasar da zai ce tasa ce, ba abin mamaki ba ne ya ƙi rabuwa da ita ko nawa aka taya. Shi yana riƙe da abin da ya daɗe yana nema, su kuma suna neman hanyar sauke abin da ya zame musu kaya. Ba sai an ƙara wa labarin wata mugunta ta musamman ba, wannan kaɗai ya isa ya haifar da bala'i.

Sai batun shiru, wanda shi ne ƙashin bayan kusan duk wani labarin kisa a ƙauye. Masu fim suna son nuna shi ta hanya ɗaya: baƙo ya turo ƙofar gidan shan giya na gari, dattawan da ke zaune a teburinsu na kullum su katse hira, kowa ya zuba wa kofinsa ido. Amma shirun yana da gindin zama a dokar Jamus kanta. Sashe na 52 na dokar shari'ar laifuka ya ba mutum damar ƙin ba da shaida a kan miji ko mata, ko wanda aka yi musu baiko, ko iyaye da 'ya'ya da kakanni da jikoki, ko 'yan'uwa, ko kawu da baffa da gwaggo, har da surukai na kusa. Sashe na 55 ya ce ba a tilasta wa kowa amsa tambayar da za ta jefa shi ko danginsa cikin tuhuma. Doka na hukunta wanda ya san ana shirin kisa ya ƙi faɗa, amma ba ta wajabta wa talaka kai rahoton kisan da an riga an yi ba. A lokacin da aka yi fim ɗin ma, shaida ba dole ba ne ya amsa kiran ɗan sanda, sai na mai gabatar da ƙara ko alƙali. An yi waɗannan dokoki ne don kada hukuma ta raba ɗa da uba, kuma ƙasar da ta ga yadda aka sa maƙwabci ya tona asirin maƙwabci a zamanin Nazi tana da dalilin riƙe su da kyau. Sai dai ka kai su garin da bai wuce mutum ɗari biyu ba, inda aure ya ɗaure kusan kowane gida da na kusa da shi. Rabin gari dangin wanda ake zargi ne, sauran rabin kuma suna da abin da suke tsoro. Kotu ba ta yanke wa gari hukunci, sai ta nuna wane ne ya ɗaga hannu, wane ne ya riƙe, wane ne ya tsaya kallo kawai. In kowa ya taɓa, kowa ya samu mafaka a bayan ɗan'uwansa.

Abu ɗaya ne ke hana mai laifi barci. Tun 1979 kisan gilla ba ya tsufa a dokar Jamus, ko bayan shekara hamsin ana iya gurfanar da mutum, kuma an yi wannan gyara ne don kada masu laifukan Nazi su tsira da wucewar lokaci. Kisan da bai kai matsayin gilla ba kuwa, bayan shekara ashirin an rufe babinsa.

Jamusawa suna da wani tsohon rauni da ke ciyar da irin waɗannan labarai. A daren 31 ga Maris, 1922, an kashe mutum shida da magirbi a wata gona da ke ware ita kaɗai, Hinterkaifeck, kusa da Schrobenhausen a Bavariya: dattijo da matarsa, 'yarsu, jikoki biyu, da 'yar aikin da ta iso gidan a ranar. Sai 4 ga Afrilu aka gano gawarwakin, kuma alamu sun nuna a kwanakin nan akwai wanda yake ba dabbobi abinci. Kafin masu bincike su iso daga Munich jama'a sun tattake wurin. Har yau ba a hukunta kowa ba. Wanda ya tsaya ya ciyar da shanu bayan ya kashe masu su, mutane suka ce, ai ya san gona, watakila ma ya san gidan. Wannan zato, cewa mai kisan na cikinmu ne kuma wani ya sani, shi ne abin da marubuta suke ta komawa kansa shekara ɗari.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da fim ɗin shi ne yadda ya zana mutanen. An nuna su kamar waɗanda zamani ya manta da su, cikin datti da jahilci, har aka laƙaba wa yankin sunan Saiberiyar Pfalz. Ga mutanen da suka buɗe wa masu fim ƙofofinsu a Rudolfskirchen da ƙauyukan kewaye, wannan cin amana ne, kuma ba su yi shiru ba. Ƙorafi ya yi ta zuwa tashar, magana ta kai majalisar jihar Rheinland-Pfalz, ministan tattalin arzikin jihar na lokacin, Rainer Brüderle, ya gayyaci Ulrike Folkerts su yi tattaki tare ta ga yankin da idonta. Kada a manta shugaban gwamnatin Jamus a lokacin, Helmut Kohl, ɗan Pfalz ne, mai alfahari da ita, wanda ya riƙa kai manyan baƙi irin su Thatcher da Gorbachev garin Deidesheim su ci abincin yankin. Yankin da ke ganin ya samu shiga idon duniya sai ga shi a talabijin ɗin ƙasa a matsayin bayan gari.

Masu fim ɗin ba daga sama suka samo wannan ido ba. A shekarun 1950 sinimar Jamus ta cika da finafinan da ke nuna ƙauye a matsayin aljannar duniya, tsaunuka da furanni da coci da 'yan mata masu waƙa, domin mutanen da suka fito daga yaƙi suna son wurin da za su ce hannunsa bai taɓa jini ba. 'Ya'yansu da suka girma a ƙarshen shekarun 1960 suka ce ƙarya ne, ƙauye ma ya zaɓi Hitler, ƙauye ma ya ga an tafi da maƙwabta ya kau da kai. Sai suka juya hoton, ƙauye ya zama matattarar ƙeta da ƙin baƙo. Suna da hujja, amma wanda ya juya hoto bai kalli mutum ba, hoton dai yake kallo ta baya. Mu ma mun san irin wannan a finafinanmu, inda baƙauye yake zama abin dariya da hularsa a karkace, alhali shi ya noma abin da mai dariyar ya ci kafin ya zauna kallo. Illar ita ce, da zarar an nuna masu laifin a matsayin wasu halittu na daban, mai kallo a birni ya samu sauƙi. Zai ce ai mutanen daji ne. Ba zai tambayi kansa me zai yi ba in da shi ne bashi ya shaƙe, maƙwabci ɗaya kuma ya tsaya tsakaninsa da mafita. Fim ɗin ya kawo tambaya mai kyau, sannan da hannunsa ya ba mai kallo hanyar kauce mata.

Akwai kuma abin da ya fi ɓacin rai muni, kuma ya faru da gaske. A Oktoban 2001 wani manomi a kusa da Neuburg, bakin kogin Danube a Bavariya, ya bar gidan shan giya da dare a motarsa, ba a sake ganinsa ba. Jita-jita ta cika gari cewa iyalinsa ne suka kashe shi. A 2004 aka kama matarsa da 'ya'yansa mata biyu da saurayin ɗaya daga ciki, mutane marasa ilimi mai zurfi, marasa gata. Bayan dogon tambayoyi suka amsa cewa sun kashe shi a gida, sun daddatsa gawar, sun ba karnuka. Daga baya suka janye maganar. Ba a samu jininsa a gidan ba, ba a samu ƙashi ba. Duk da haka a 2005 kotun Ingolstadt ta ɗaure su, matar da saurayin shekara takwas da rabi kowannensu. A watan Maris na 2009 aka ciro wata Marsandi daga cikin Danube, tana zubar da laka, ga mutumin a ciki, ƙasusuwansa a haɗe, ba wanda ya datsa shi, ba karen da ya taɓa shi. A 2011 kotun Landshut ta sallame su, ba tare da diyyar shekarun da suka yi a kurkuku ba.

Ba ina cewa wani fim ne ya ɗaure waɗannan mutane ba. Abin da nake cewa shi ne 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da alƙalai, masu ilimi duka, sun gaskata labarin da ba shi da ko ɗigon shaida, domin ya yi daidai da abin da suka riga suka ɗauka cewa irin waɗannan mutane za su iya. Kuma a wannan karon ƙauyen bai yi shiru ba, surutunsa ne ma ya kunna wutar. Garin da ake zargi da rufa wa nasa asiri shi ne ya miƙa mafi rauni a cikinsa. Wannan ya fi kusa da abin da na fahimta game da ƙananan garuruwa a ko'ina: ana rufa wa mai dangi da mai faɗa a ji, ana kuma tona wanda ba shi da kowa, ko baƙo ne ko ɗan gari.

Daga baya talabijin ɗin Jamus ya sassauta wa karkara, har ya wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Shirye-shirye irin su Die Rosenheim-Cops da Mord mit Aussicht sun mai da kisa a ƙauye abin nishaɗi, ga tsaunuka masu kyau, ga ɗan sanda mai son abinci, garuruwa ma har so suke a zo a ɗauki fim a wurinsu don masu yawon buɗe ido. Gonaki kuwa suna ci gaba da rufewa, dubbai a kowace shekara, kuma ba kasafai wannan ke shiga labarin ba.

A Nuwamban 2019, don cikar Lena Odenthal shekara talatin a shirin, aka mai da ita Zarten a wani kashi mai suna Die Pfalz von oben, wato Pfalz daga sama. Stefan Dähnert ne ya sake rubutawa, Brigitte Maria Bertele ta ba da umarni. An harbe wani matashin ɗan sanda a bakin aiki, binciken kuma ya kai Lena ga abokan aikinsa. A wannan karon ruɓar ba a garken shanu take ba, tana cikin ofishin 'yan sanda, kuma masu kama bakinsu sanye suke da kaki. Shugaban ofishin shi ne Stefan Tries, yaron nan da ya taimaka mata a 1991, yanzu jiki ya yi nauyi, hannunsa dumu-dumu cikin cin hanci. Shekara ashirin da takwas ke nan, ita ta koma birni tun a wancan lokacin, shi kuma bai bar Zarten ba.